Perla Mai Haɗa Goma

Shekara talatin da ɗaya Perla Grinblat ta yi tana haɗa goma a Geelong, kuma ba wanda ya naɗa ta. Abin ya samo asali ne daga makokin mijinta Shimon. Tana zaune a 'yar gajeriyar kujerar masu makoki, tana kallo ana ta kame-kame a falonta ana neman mutum na goma, har sai da aka je bakin teku aka ɗauko wani tsoho mai kamun kifi, aka shigo da shi yana ƙarni. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Tana fita daga makoki ta sayi ƙaramin littafi ta rubuta lambar wayar duk wani Bayahude daga tsakiyar gari har Torquay. Tun daga nan, in aka yi rasuwa ba a tambayar wa zai tara mutane.

Kadish, addu'ar da ɗa ko 'ya ke yi wa mahaifi, ba ta yiwuwa mutum shi kaɗai. Sai Yahudawa goma sun tsaya, mai makoki ya faɗi nasa, su amsa masa. To mu majami'armu ta masu sassauci ce, kuma mun sassauta har mun gaji. Maza da mata layi ɗaya, mace ce malamarmu, ranar Asabar da mota muke zuwa, wasunmu ma na cin abin da kakanninsu ko da sanda ba za su taɓa ba. Goman nan kaɗai ta tsira, ita ma albarkacin Perla. Duk lokacin da wani mai son sauƙi ya kawo maganar a kwamiti, sai ta miƙe da jaka a hammata ta ce, "Yau ku mai da ita takwas, gobe shida, jibi mutum ya yi wa uwarsa addu'a daga shi sai firji." Daga nan a wuce zuwa batun kujeru.

A sansanin 'yan gudun hijira aka haife ta a Jamus, bayan yaƙin duniya na biyu, tana da shekara uku jirgin ruwa ya sauke su a Melbourne. Ta tashi a unguwar Carlton, a saman shagon wani mai sayar da kifi. Ta koyi ɗinki wurin uwarta, ta auri Shimon mai tantance gashin tumaki, ta biyo shi Geelong, ta yi shekara arba'in tana rage wa amare riga tana faɗa musu gaskiyar ƙugunsu. Gajera ce, ga kaifin harshe, ga riƙo. Ta san wanda ake jawowa da kek, ta san wanda sai an tuna masa cewa shi ma ba dutse ba ne, ta san su wa da wa ba sa shiga mota ɗaya tun wani biki da aka yi a shekarun tamanin. In mutane suka taru, ba ta nuna kowa da yatsa. Ba a ƙirga Yahudawa da lamba, kuma uwarta, wadda ta zo ƙasar nan da lambar da aka zana mata a hannu a sansanin kisan Yahudawa lokacin yaƙi, ta sha buge mata yatsa a kan haka. Sai dai ta tsaya bakin ƙofa leɓenta na motsi, "ba ɗaya ba, ba biyu ba, ba uku ba," in ta kai "ba goma ba" ta gyaɗa wa mai jan addu'a kai. A shekara talatin da ɗayan nan ba ta taɓa girgiza kai a daren ƙarshe na makokin kowa ba, kuma tana alfahari da haka fiye da duk rigar da ta taɓa ɗinkawa.

Da labarin harin watan Oktoba ya iso, mu duka abu ɗaya muke. Ruben Mandel, tsohon malamin makaranta mai hura mana ƙaho ranar sabuwar shekara, aka kashe jikarsa Shaked a wani ƙauye kusa da iyakar Gaza, tana da shekara ashirin da biyu. A makokin nan Perla ba ta kira kowa ba. Mutum sittin suka cika gidan Ruben, har da waɗanda rabon mu da su tun suna yara. Muka yi kuka muka rungumi juna, muka ɗauka haka za mu zauna.

Sai yaƙi ya yi ta tafiya. Kowa da wayarsa a hannu, kowa da gawarwakin da yake kallo. Bayan wata huɗu malamarmu Rabbi Talia, wadda ke zuwa daga Melbourne sau biyu a wata, ta ƙara 'yan kalmomi a addu'ar Juma'a. Bayan ta roƙa wa waɗanda aka yi garkuwa da su, ta ce, "da yaran Gaza." Ruben ya naɗe mayafin addu'arsa a tsanake ya fita, mutum biyar suka bi shi. Mako na zagayowa matasa suka kawo wasiƙa mai neman a tsagaita wuta, suna so majami'a ta sa hannu. Kwamiti ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya yi abin da masu sassauci suka fi iyawa, ya kira taron sauraren juna. Aka jera kujeru a da'ira, aka kawo wani ɗan dutse mai santsi, wai wanda dutsen ke hannunsa shi kaɗai zai yi magana. Wanda ya kawo dabarar nan bai taɓa zama da Yahudawa arba'in a ɗaki ɗaya ba.

A wurin ne Gidon Lederman ya yi abin da ya yi. Gidon ɗan Henek ne, Henek mai gyaran lantarki, aminin Ruben na fiye da shekara hamsin. Ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti can arewa mai nisa, kusa da Broome, ya zo hutu ya duba ubansa. Da dutse ya iso hannunsa ya juya ya dubi Ruben ido cikin ido.

"Kawu Ruben," ya ce, "ni na goya Shaked a wuyana lokacin da suka zo hutu tana ƙarama. Ka faɗa mini, yara nawa za a kashe kafin a ce ya isa saboda ita?"

Ruben ya miƙe, ƙafarsa ta harɗe da ta kujera, ya faɗi a gwiwa a gaban kowa. Wanda bai ga faɗuwar nan ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba.

Kwamiti ya ce a riƙa yin addu'a biyu, ɗaya bayan ɗaya. Aka yi faɗa a kan wadda za ta riga. Sai ya ce a cire duka, a yi shiru na minti ɗaya, kowa ya tuna wanda yake so a zuciyarsa. Shirun nan shi ya ƙarasa mu. Mutanen Ruben suka ce an goge 'yarsu, suka koma tuƙi har Melbourne. Matasa suka ce majami'ar da ta kasa furta kalmar yara ba ta da abin da za ta koya musu, suka tafi. Rabbi Talia ta ajiye aiki kafin shekara. Ranar Juma'a muka koma mu bakwai, mu takwas, muna jin ƙarar motoci a titi.

Ita Perla ba ta sa hannu a komai ba, ba ta kuma fita bayan kowa ba. Ta yi wa Shaked kuka har idonta ya kumbura, ta kuma ga hoton wata mata a Gaza rungume da ɗan ƙunshin farin ƙyalle ta kasa cin abinci kwana biyu. Waɗannan suka ce matsoraciya ce, waɗancan suka ce ba ta da kishi. Ta ce su ce abin da suka ga dama, ita aikinta ta kai mutane ƙofar mai makoki.

Henek ya rasu farkon Disamba, ana tsananin zafi. Jama'a sun je jana'iza sosai, don ba gidan da bai taɓa shiga da jakar kayan aikinsa ba. Rabbi Talia ta zo ta yi masa hidima. Aka zuba ƙasa, Gidon ya matso bakin kabari da rigarsa da aka yage a ƙirji alamar makoki, ya buɗe baki ya fara Kadish. Bai gama layin farko ba wani daga baya ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji, "Yau ya tuna shi Bayahude ne." Muryar Gidon ta sarƙe. Ya sake gwadawa, ta ƙi fita. Malama ta karɓa ta ƙarasa masa, jama'a suka amsa mata da ƙarfi, suka nufi motocinsu.

A hanyar komawa Geelong, a motar da ta ɗauko su tare, Gidon ya ce wa Perla, "Anti Perla, ban yi masa ba. Ita ta yi."

"Na ji."

"Alhamis da safe zan koma bakin aiki. Inda nake ko Bayahude biyu babu, balle goma. In ban yi masa a kwana ukun nan ba, ban san yaushe ba."

"Ka je ka rufe madubai kamar yadda ake yi a gidan makoki," ta ce. "Goma tawa ce."

Kwana uku muke taruwa a gidan makoki, da ƙarfe shida da rabi na yamma, rana na nan sama a irin wannan wata. Perla ta zauna a kicin ɗinta da littafi da tabarau, ta fara da Bronia Feld, ƙawarta tun suna 'yan mata.

"Perla, kar ki fara."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Na san numfashinki in kina neman mutum."

"Bronia, ke da ko ƙwan fitila ba ki iya canzawa ba, wa ya riƙe miki gidan nan shekara ashirin? Ba Henek ba?"

"Henek ya tafi, ba ya jin komai. Wanda zan je in ce wa amin yaron nan ne."

"Yaro da furfura. Shekararsa hamsin da biyu."

"Ɗan ƙanwata na cikin soja a can, Perla. Ko bayan gida da waya nake shiga. In je in tsaya bayan wanda ke kallonsa a matsayin mai kashe yara? Zan aiko da romon kaza."

"Romon kaza ba ya cewa amin."

"To ki sha," in ji Bronia, ta ajiye waya.

Perla ta juya ɗaya ɓangaren, tana zaton nan da sauƙi. Noa Sternberg, malamar firamare da ta rubuta wasiƙar nan, ta ce za ta zo, amma in ta ga wanda ya yi maganar nan a maƙabarta sai ta faɗa masa abin da ke ranta. Perla ta ce ta bar ranta a mota, bakinta kawai ake so. Wani saurayin lauya kuwa, wanda Perla ta ɗinka wa kwat ɗin bikin balagarsa da hannunta, ya ce, "Anti, ki yi haƙuri. Ni na gama da duk abin da ya shafi addu'a. Shekara guda ana kashe mutane da sunana, ba zan tsaya in yabi Allah a falon kowa ba." Ta ce masa ai ba Allah ke neman na goma ba, Gidon ne. Ya ce zai aika masa saƙo.

Ranar farko mutum shida suka zo. Arnold, tsohon likitan haƙori mai jan addu'a tun tafiyar malama, ya karanta zabura, aka ci dafaffen ƙwai, aka watse. Noa ta ce me zai hana a kira mutane ta bidiyo kamar lokacin annoba, Gidon ya ce a'a, ubansa ya tsani abin nan, yakan ce mutumin da ke cikin gilashi ba ya cikin ɗaki. Rana ta biyu Perla ta hau bas har Ocean Grove ta lallaɓo wasu 'yan'uwa mata biyu da ba su cika sanin abin da duniya ke ciki ba. Aka zama takwas. Ta tsaya bakin ƙofa har bakwai da rabi tana leƙen titi, sannan ta girgiza kai.

Da safen Laraba ta je gidan Ruben. Ta same shi a bayan gida yana ɗaure tumatir a jikin sanduna, ya rame har wandonsa na neman zamewa.

"Na san abin da ya kawo ki," ya ce, bai juyo ba.

"Kowa ya san abin da ke kawo ni. Ni da mala'ikan mutuwa ba a tambayarmu."

"Nawa kika samu?"

"Ba tara ba, in wani mai gidan burodi a Belmont ya cika alkawari. Saura kai."

"Akwai mutane da yawa a littafinki."

"Duk sun ce sai abin da ka yi. Ruben, ba na ce ka yafe masa ba. Ban ce ka gaishe shi ba. Ka tsaya bakin ƙofa da takalminka, ka kalli bango, ka ce amin sau biyar, ka koma gida."

Ya ɗaure igiya ya yanke. "Kin san abin da ya fi ci mini rai? Tambayar nan tasa. Ina ɗaurin tumatir ina jin ta, ina wanka ina jin ta. Da zagina ya yi da tuni na manta."

"To ka zo ka faɗa masa haka."

"In faɗa masa ya ce ya yi daidai? Da sunanta ya buge ni, Perla. A gaban mutane."

"Ya yi rashin kunya. Na faɗa masa a ranar, na kuma faɗa masa jiya. Amma Henek ne a ƙasa, kuma kai ka riƙe masa Gidon ranar kaciya."

Ruben ya ce, "Ƙarfe nawa?"

"Kamar kullum. Shekara talatin ba ka sani ba?"

Da yamma ta riga kowa isa gidan Henek. Madubai a rufe, kyandir na ci a kan tebur, Gidon zaune a ƙasa a kan matashi da safa, gemu ya fito masa fari. Mutane suka fara shigowa. Mai gidan burodi ya cika alkawari, ya zo da gari a gira. Shida da kwata Perla ta hango farar motar Ruben ta tsaya a tsallaken titi. Zuciyarta ta yi sanyi, ta ce a ranta shi ke nan.

Kafin ya fito, wata mata ta ɓullo daga kwana da gyale a kanta, riƙe da butar gahawa da farantin dabino. Rasha Dabbagh ce, ma'aikaciyar jinyar da ta yi shekara ɗaya da rabi tana zuwa kula da Henek a gida, ita ke masa wanka, ita ke masa aski. A Gaza aka haife ta. A cikin watannin nan an kashe mata uwa da ƙanne biyu da 'ya'yansu, kuma Henek ne, da bakinsa da ya karkace, yake riƙe hannunta in labari ya zo. Ta gaishe da Perla a ƙofa.

"Madam Perla, na makara? Sai yanzu na tashi daga aiki. Mu haka muke kai wa gidan rasuwa, gahawa ba sukari. Baba Henek yakan ce ɗacinta zai tada matacce."

"Shigo, 'yata," in ji Perla. Me za ta ce? Da gaske take nufi.

Shida da rabi ta yi. Arnold ya buɗe littafi ya dubi ƙofa. Perla ta dubi titi. Ruben na zaune a mota, hannu biyu a kan sitiyari. Ta juyo ta bi ɗakin da ido, leɓenta na motsi, ta haɗa da kanta da Gidon, ta tsaya a "ba tara ba."

"Ai mun cika!" in ji Noa, tana nuna mutane da yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Ga mu nan, mu goma cif."

Noa ta gane abin da ta yi, fuskarta ta yi ja, amma ba ta janye ba. "To me? Ita ta wanke shi shekara ɗaya da rabi. Ina waɗanda ake ƙirgawan suke?"

Kowa ya dubi Perla. Gidon ma ya ɗago kai. Ba ƙiyayya a dokar nan, kuma Perla ta san haka. Mijin 'yar Arnold ɗan Katolika ne, ya yi shekara ashirin yana jera mana kujeru, ba ta taɓa ƙirga shi ba, shi kuma bai taɓa jin haushi ba. Amma yau ba mijin 'yar Arnold ba ne a tsaye da faranti a hannu. Perla ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba a rayuwarta. Ta girgiza kai.

Rasha ta ajiye farantin a hankali. "Ni ce ba na cikin lissafi, ko?" ta ce, ba da faɗa ba. "Ba komai, Madam Perla. Na sani."

Perla ba ta iya duban ta ba. Ta fita ta tsallaka titi, ta ƙwanƙwasa gilashin motar.

"Ruben, fito."

Ya sauke gilashi. "Na zo da niyyar shiga. Hannuna na kan ƙofa."

"To buɗe ta."

"Na san matar nan. Henek ya ba ni labarinta kaf, har sunayen yaran. Ba ni da komai a raina game da ita, Allah ya sani. Amma in na shiga sai na haɗa ido da ita, in na haɗa ido da ita sai na ce mata wani abu. Na yi ta nema tun ɗazu, ban samu abin da zan ce ba."

"Ba wanda ya ce ka ce komai. Amin kawai."

"Ba zan iya wuce ta kamar kujera ba, Perla. Ba haka aka rene ni ba."

Ba su ji zuwanta ba. Rasha ce tsaye bayan Perla da jakarta a kafaɗa. "Na fito," ta ce. "Ki ce masa ya shiga, su yi wa Baba addu'arsa." Sai ta sunkuyo daidai taga. "Kai ne Malam Ruben? Baba Henek ya nuna mini hoton jikarka, wadda take kan keke. Allah ya ba ka haƙuri. Yarinya kyakkyawa."

Ruben ya buɗe baki. Perla ta jira. Wani irin sauti ya fito masa wanda ba kalma ba, ya kifa goshi a kan sitiyari yana kuka, kafaɗunsa na jijjiga. Rasha ta ɗan tsaya, sannan ta juya ta nufi tashar bas. Perla ta zura hannu ta kama hannun rigarsa.

"Ta tafi. Ruben, don Allah. Minti biyu."

Ya zame hannunsa a hankali ya tada mota. Bai yi gudu ba. Tana tsaye tsakiyar titi tana kallo har ya sha kwana.

Da ta koma ciki kowa na tsaye. Gidon ya miƙe, littafi a buɗe, yatsansa a kan layin farko. Ya dubi bayanta ko akwai mai biyo ta, sannan ya dube ta.

"Anti Perla," ya ce ƙasa-ƙasa, "ki gyaɗa kai kawai. Ba wanda zai musa miki a ɗakin nan."

Gaskiya ya faɗa. Arnold ya sunkuyar da kai, 'yan matan Ocean Grove ba su san ma me ake ciki ba. Perla ta so ta yi, Allah ya sani ta so. Amma minti goma da suka wuce ta dubi mace mai rai ta ƙi ƙirga ta. In yanzu ta ƙirga wanda babu, me ta yi wa matar nan ke nan?

"Ba zan iya ba, ɗana," ta ce. "Mu ba goma ba ne."

Ya tsaya kamar zai yi gardama, sai ya rufe littafin ya miƙa wa Arnold. Arnold ya karanta zabura. Ba wanda ya taɓa abinci. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya matsa hannun Gidon ya ce Allah ya ba da tsawon rai. Noa ta wuce Perla ba ta ce mata sai da safe ba.

Ya rage daga ita sai shi. Ta ɗauki jakarta, ta kasa samun hannun ƙofa don hawaye. Gidon ya zo ya buɗe mata, ya rako ta har bakin shinge, da safa a kan siminti mai zafi.

"Kin yi ƙoƙari, Anti," ya ce. "Ban riƙe ki ba."

"Na kasa. Kar ka shafa mini mai."

Gidon ya dubi titi. "Akwai abin da Baba ya sa na yi masa alkawari a asibiti. Ya ce Perla ba ta da ɗa, ba ta da 'ya, in ranarta ta zo ni zan tsaya in yi mata Kadish. Na ce masa to." Ya shafa gemunsa. "Zan zo, duk inda nake zan hau jirgi in zo. Sai dai ban san wa zai haɗa miki goma ba."

Perla ta gyara jakarta a hammata. Ta bi sunayen littafin nan a ranta tun daga farko har ƙarshe, don ta haddace su, ba ta tsaya a kan ko ɗaya ba.

"Koma ciki," ta ce. "Mai makoki ba ya rakiya."